Tikitin Lotiri: Abin da Mai Saye ke Biya da Abin da Yake Samu

A watan Afrilun 2025 masu gudanar da cacar Mega Millions ta Amurka suka ɗaga kuɗin tikiti daga dala 2 zuwa dala 5. Sanarwar ta zo da albishir iri-iri: an sauƙaƙa cin babbar kyauta, kyautar za ta riƙa farawa daga dala miliyan 50 maimakon miliyan 20, kuma ko mafi ƙanƙantar kyauta mutum ya ci zai karɓi dala 10, ninkin abin da ya biya. Babu ƙarya a ciki. Sai dai sauƙin da ake magana a kai shi ne, a da tikiti ɗaya cikin 302,575,350 ke dacewa da babbar kyauta, yanzu ɗaya cikin 290,472,336. Kuɗin tikiti ya ninka sau biyu da rabi, damar ci ta ƙaru da kusan kashi 4 cikin 100.

Sauyin ya rikita masu saye da dama, ya kuma farfaɗo da tambayar da ta girmi Mega Millions da ɗaruruwan shekaru: shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu ga mai sayen tikitin lotiri? Amsar ta danganta da abin da mutum ya ɗauka yana saye. Mai neman riba lissafinsa daban, mai neman nishaɗi nasa daban. Akwai kuma na uku, wanda ya ɗauki tikitin a matsayin ƙofar fita daga talauci, kuma a kansa ne mafi yawan gardamar take.

## Yadda abin yake aiki

Lotiri caca ce da ake tara kuɗin jama'a masu yawa ta hanyar sayar musu da tikiti, a fitar da lambobi da ƙuri'a, a raba wani kaso na kuɗin ga waɗanda lambobinsu suka dace. A mafi yawan ƙasashe gwamnati ce ke gudanar da shi, ko ta ba kamfani ɗaya lasisi. Akwai wanda ake jiran ranar fitar da lambobi, akwai kuma katin da ake kankarewa nan take a ga ko an ci.

Abubuwa uku ake buƙatar rarrabewa. Na farko damar ci, wato tikiti ɗaya cikin nawa ne ke dacewa. Na biyu babbar kyauta, wadda idan ba a samu mai ci ba takan tsallaka zuwa zagaye na gaba ta ƙara girma. Na uku shi ne wanda talla ba ta faɗa: matsakaicin abin da kowane tikiti ke mayarwa. A ce an sayar da tikiti 1,000 a kan dala ɗaya-ɗaya, aka sa kyautar dala 500 ga mutum ɗaya. Wanda ya ci ya yi sa'a, amma idan aka raba dala 500 ɗin a kan tikiti 1,000, darajar kowane tikiti rabin dala ce. Mai saye ya ba da dala guda ya karɓi abin rabin dala. Wannan ma'aunin ne masana lissafi ke dubawa kafin komai.

## Ina kuɗin tikiti ke zuwa

Ba don a arzuta masu saye aka ƙirƙiri lotiri ba. Hanya ce ta tara wa hukuma kuɗi ba tare da an ambaci haraji ba. Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba da izinin lotirin gwamnatin Ingila na farko a 1566, aka fitar da ƙuri'ar a 1569, don a samu kuɗin gyaran tashoshin jiragen ruwa. Lotirin Kirsimeti na Sifaniya, wanda aka fi sani da El Gordo, tun 1812 ake yin sa, lokacin da ƙasar ke yaƙi da sojojin Napoleon kuma baitulmali ya bushe. A Amurka an daɗe da haramta lotiri saboda badaƙalar cin hanci da ta dabaibaye shi a ƙarni na 19, sai a 1964 jihar New Hampshire ta dawo da shi. Jiha ce da ba ta karɓar harajin albashi ko na ciniki, tana kuma neman kuɗin makarantu. Yau jihohi 45 ke yi, cinikin shekara ya haura dala biliyan 100.

Tun da manufar ke nan, dole abin da ake mayar wa masu saye ya gaza abin da suka zuba. A Powerball, wani babban lotirin Amurka, rabin ciniki ne ke komawa kyaututtuka. A Birtaniya ɗan sama da rabi ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiya ayyukan al'umma, kashi 12 cikin 100 harajin gwamnati ne, sauran na masu sayarwa da kamfanin da ke gudanarwa. El Gordo yana cikin mafiya sassauci, yana mayar da kashi 70 cikin 100. Idan aka gwada da gidan caca sai a ga tsananin abin: teburin rulet (cacar da ake juya faifai mai lambobi) irin na Turai kashi 2.7 cikin 100 kawai yake riƙewa daga kuɗin da aka zuba. Ta wannan ma'aunin lotiri na cikin cacar da ta fi kowace tsada, ko da yake rulet yana saurin cinye kuɗin mutum saboda ana sake zubawa duk bayan ƴan mintoci.

Masanin tattalin arziki Adam Smith ya lura da wannan tun 1776. Ya ce ba a taɓa yin lotirin da ribar masu ci ta cike hasarar masu faɗuwa ba, ba kuma za a yi ba, domin da haka ne mai shiryawa ba zai samu komai ba. Ya ƙara da cewa iya yawan tikitin da mutum ya saya, iya tabbacin hasararsa, har ya kai ga wanda ya sayi duka tikitin, wanda hasararsa ba ta da shakka.

## Lissafin damar ci

A Powerball ana zaɓar lambobi 5 daga cikin 69, sannan lamba ɗaya daga cikin 26. Hanyoyin haɗa waɗannan lambobi 292,201,338 ne, ɗaya ce kaɗai ke fitowa. A Lotto na Birtaniya, inda ake zaɓar 6 cikin 59, hanyoyin 45,057,474 ne. A EuroMillions, lotirin haɗin gwiwar wasu ƙasashen Turai, 139,838,160.

Hankalin ɗan Adam ba ya iya riƙe bambancin miliyan 45 da miliyan 292. Duka biyun “da wuya” yake jin su. Ga wata hanyar aunawa. Sakan miliyan 292 sun yi shekara tara da wata uku. A ce wani ya zaɓi sakan ɗaya tak daga cikin waɗannan shekaru ya ɓoye a ransa, ya ce a faɗi ranar, da sa'ar, da mintin, da sakan ɗin. Cin babbar kyautar Powerball da tikiti ɗaya daidai yake da canko shi a karon farko.

Yawan saye ba ya rage nisan kamar yadda ake zato. Sau uku a mako ake fitar da lambobin. Wanda bai taɓa fashin zagaye ba, tikiti ɗaya kowane karo har shekara 50, zai sayi tikiti 7,800, ya kashe dala 15,600, amma damarsa ta cin babbar kyauta ko da sau ɗaya a duk wannan tsawon lokaci kusan ɗaya ce cikin 37,000. Gaskiya ne tikiti ɗaya cikin kusan 25 yakan ci wani abu, sai dai mafi yawa dala 4 ce. Idan aka haɗa dukkan ƙananan kyaututtukan, har da ta dala miliyan ɗaya, aka raba a kan tikiti, senti 32 ne ke faɗa wa tikitin dala 2.

Dabarun zaɓen lamba ba sa canza komai a nan. Injin ba ya tuna abin da ya fitar jiya, don haka babu lambar da “lokacinta ya yi”. A Bulgeriya, a Satumbar 2009, lambobi shida iri ɗaya suka fito a zagaye biyu a jere. Aka yi bincike, ba a samu maguɗi ba. Abin da zaɓen lamba ke iya canzawa shi ne yawan waɗanda za a raba kyautar da su. Mutane suna son ranakun haihuwa, wato 1 zuwa 31, suna kuma son lambobin da ke bin tsari. A Oktobar 2022 lambobin 9, 18, 27, 36, 45 da 54 suka fito a Filifins, sai ga mutum 433 sun ci babbar kyauta lokaci guda, aka raba musu peso miliyan 236.

## Me ya sa kyaututtukan ke ta kumbura

Kyaututtukan biliyoyin daloli da ake ji a labarai ba haka kawai suka faɗo ba, tsara su aka yi. A Oktobar 2015 Powerball ta sauya yawan lambobinta, damar cin babbar kyauta ta koma ɗaya cikin miliyan 292 daga ɗaya cikin miliyan 175. A watan nan dai Lotto na Birtaniya ya ƙara lambobi daga 49 zuwa 59, damar ta faɗo daga ɗaya cikin kusan miliyan 14 zuwa ɗaya cikin miliyan 45. Dalilin a fili yake. Idan ci ya yi wuya, kuɗin zai yi ta tsallakawa daga zagaye zuwa zagaye har ya kai adadin da gidajen labarai za su yi ta yayatawa kyauta, waɗanda ba su saba saye ba su shiga layi. Wata uku bayan sauyin, a Janairun 2016, kyautar Powerball ta kai dala biliyan 1.586, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Masu saye girman kyauta suke kallo, ba sa kallon ƙanƙantar dama, kuma masu shiryawa sun san haka.

Sannan adadin da ake shelantawa ba shi ake karɓa ba. A Amurka wannan adadin jimillar biya 30 ne da za a yi cikin shekara 29. Wanda ya ce a ba shi nasa a dunƙule, kuma kusan kowa haka yake zaɓa, kusan rabi yake samu. Edwin Castro, wanda ya ci dala biliyan 2.04 a Kalifoniya a Nuwambar 2022, dala miliyan 997.6 aka lissafa masa a dunƙule. Harajin tarayya kan irin wannan kuɗi yana kaiwa kashi 37 cikin 100, abin da ya rage kusan miliyan 628 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka rubuta a allunan talla. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma a lissafin darajar tikiti bambancin yana da nauyi. A Birtaniya da wasu ƙasashen Turai ba a cire haraji daga kyautar, an riga an cire shi daga kuɗin tikiti.

Daga nan ake amsa hujjar da ake yawan ji, wai idan kyautar ta yi girma sosai tikiti ya zama ciniki mai riba. Kafin tikitin dala 2 ya mayar da dala 2 a matsakaici, sai abin da mai ci zai riƙe a hannunsa ya kai kusan dala miliyan 490. Kafin a riƙe haka bayan an zabge rabi an cire haraji, sai kyautar da aka shelanta ta kai wajen biliyan ɗaya da rabi. A daidai lokacin kuwa masu saye sun yi yawan da raba kyautar ya zama abin tsammani. Ta Janairun 2016 tikiti uku ne suka raba ta.

## Waɗanda suka ci da lissafi

An samu waɗanda suka ci lotiri ba da sa'a ba, kuma labarinsu ya fi ƙarfafa hujjar masu lissafi fiye da rusa ta. A 1992 wata ƙungiyar masu zuba jari daga Ostireliya ƙarƙashin Stefan Mandel ta lura cewa lotirin jihar Virginia hanyoyi kusan miliyan 7 kawai yake da su, tikiti dala ɗaya, kyauta kuma ta kai miliyan 27. Suka sayi wajen miliyan 5 daga cikin hanyoyin kafin lokaci ya ƙure, suka ci. A Massachusetts an yi wani wasa mai suna Cash WinFall, wanda idan babbar kyauta ta kai dala miliyan 2 ba mai ci, sai a zubo kuɗin kan ƙananan kyaututtuka. A irin waɗannan makonni darajar tikiti takan wuce farashinsa. Wani tsohon ɗan kasuwa daga Michigan, Jerry Selbee, da matarsa Marge, da wata ƙungiyar ɗaliban jami'ar MIT, suka riƙa sayen dubban ɗaruruwan tikiti a makonnin kawai, har aka rufe wasan a 2012. A Afrilun 2023 wata ƙungiya ta sayi kusan dukkan hanyoyi miliyan 25.8 na Lotto Texas ta ɗauke dala miliyan 95, kuma surutun da ya biyo baya na cikin abin da ya sa majalisar jihar ta rushe hukumar lotirin a 2025 ta miƙa aikin ga wata ma'aikata.

Dukkansu kuskure suka gano a tsarin wasan, dukkansu suna da jari mai kauri da ma'aikatan buga tikiti, kuma ribarsu daga aljihun masu sayen ɗaya-ɗaya ta fito. Da zarar an gane ɓarakar sai a toshe ta.

## To me ya sa ake saye

Ba jahilci kaɗai ba ne, domin da yawa daga masu saye sun san lissafin ba ya tare da su. Masana Milton Friedman da Leonard Savage sun yi tambayar a 1948: ta yaya mutum ɗaya zai biya inshora don gudun hasara, ya kuma sayi tikitin caca? Amsarsu ita ce akwai kuɗin da ba ƙari ne kawai a kan abin da mutum ke da shi ba, matsayinsa yake sauyawa gaba ɗaya. Wanda ya ga ko ya yi tanadin shekara 40 ba zai tara abin da zai fitar da shi daga ajinsa ba, yana iya ganin ƴar ƙaramar hasara ta mako-mako ta cancanci ko da ƙyallin dama.

Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky, a aikinsu na 1979, sun nuna wani ɓangaren: mutane suna ba ƙaramar dama nauyin da ya fi ƙarfinta. Tazarar da ke tsakanin “ba zai yiwu ba” da “zai iya yiwuwa” tana da girma a zuciya, ko da a takarda ɗaya ce cikin miliyan 292. Ƙari a kan haka, fuskar mai ci ake nunawa riƙe da ƙaton cak, ba a nuna miliyoyin da suka yaga tikitinsu. Shi ya sa maganar masu saye kusan iri ɗaya ce a ko'ina: “Ai dole wani ya ci, me zai hana ni ne?” ko “Mai nema yana tare da samu.” Akwai kuma tarkon lambobin da aka saba. Wanda ya shekara goma yana buga lambobi iri ɗaya yana tsoron ranar da zai fasa su fito, sai ya kasa dainawa.

Wani gwaji da Emily Haisley da Romel Mostafa da George Loewenstein suka wallafa a 2008 ya taɓo inda gizo ke saƙa. Sun tambayi masu ƙaramin ƙarfi abin da suke samu a shekara, amma sun tsara takardar ta yadda wasu za su ga kansu a tsakiya, wasu a can ƙasa. Waɗanda aka sa suka ji su ne a ƙasa sun sayi tikiti kusan ninki biyu na sauran. Jin talauci shi kansa yana tura mutum ga tikitin.

## Masu karewa da masu suka

Masu kare lotiri suna da hujjoji biyu masu ƙarfi. Ta farko, ba a tilasta wa kowa, kuma abin da ake sayarwa nishaɗi ne: kwana biyu ko uku na tunanin abin da za a yi da kuɗin, da hira da abokan aiki da aka haɗa kuɗin tikiti tare. Ba a tambayar wanda ya biya kuɗin kallon wasa nawa ya dawo masa. Ta biyu, kuɗin yana aiki. Lotirin Birtaniya da aka fara a Nuwambar 1994 ya tara wa ayyukan al'umma fam biliyan 40 cikin shekara 25 na farko. Ƙasar ta dawo daga gasar Olamfik ta 1996 da zinare ɗaya. Bayan an fara zuba kuɗin lotiri a horar da ƴan wasa, ta ci zinare 29 a 2012. Jihar Jojiya ta Amurka tun 1993 take biyan tallafin karatun jami'a na HOPE da kuɗin lotiri. Suna ƙarawa da cewa idan gwamnati ta janye, masu cacar bayan fage ne za su cike gurbin.

Masu suka ba sa musun alkaluman, tambayarsu ita ce wa ya biya. Charles Clotfelter da Philip Cook na jami'ar Duke sun nuna tun 1989 cewa masu ƙaramin ƙarfi suna kashe kaso mafi girma na samunsu a kan tikiti fiye da masu hali, kuma mafi yawan cinikin daga ƴan tsirarun da ke saye da yawa yake fitowa, ba daga mai sayen ɗaya don raha ba. Idan haka ne, lotiri haraji ne da ya fi danne na ƙasa, ana kuma iya kashe shi a kan abin da na sama ya fi mora, kamar gidajen wasan kwaikwayo ko karatun jami'a. Suna kuma nuna cewa keɓe kuɗin lotiri don ilimi ba ya hana majalisa rage abin da take ba ilimi daga wani aljihun. Sai batun gwamnati ta riƙa tallata wa ƴan ƙasarta abin da ta san hasara ce a gare su. Wannan hujjar ce masu karewa suka fi shan wuyar amsawa.

Ga mutane da yawa maganar ba ta ma kai ga lissafi ba. Alƙur'ani ya ambaci caca a Suratul Baƙara aya ta 219, inda ya ce zunubinta ya fi amfaninta girma, sannan ya hana ta a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, kuma malaman Musulunci na zamani sun sa lotiri cikin wannan hukunci ko da an ce ribar ta aikin alheri ce. A cikin Kiristoci ra'ayi ya rabu: cocin Methodist da Baptist da dama suna adawa da shi, cocin Katolika kuwa tana ganin wasan sa'a ba zalunci ba ne a karan kansa, sai idan ya hana mutum biyan buƙatarsa da ta iyalinsa. Jihar Utah ta haramta kowace irin caca. Nevada ma ba ta da lotiri, amma dalilinta ya sha bamban: a can Las Vegas take, kuma gidajen caca ba sa son kishiya.

## Bayan an ci

Ana yawan cewa kashi 70 cikin 100 na masu cin lotiri suna tsiyacewa cikin ƴan shekaru. Ƙungiyar ilmantarwa kan harkar kuɗi ta Amurka da ake jingina wa alkaluman ta fito a 2018 ta ce ba daga bincikenta suka fito ba. Labarai irin na Jack Whittaker, wanda ya ci dala miliyan 314.9 a 2002 rayuwarsa ta dagule da sata da shari'o'i da mutuwar jikarsa, gaskiya ne, amma ba su ne ma'auni ba.

Binciken da aka yi a tsanake ya nuna abu biyu. A Suwidin, Erik Lindqvist da Robert Östling da David Cesarini sun bi sawun ƴan lotiri sama da 3,000, suka wallafa a 2020 cewa waɗanda suka ci kuɗi mai yawa sun fi gamsuwa da rayuwarsu, kuma gamsuwar ta ɗore fiye da shekara goma. Yawancinsu ma ba su bar aiki ba. A Fulorida kuwa, wani bincike na 2011 kan masu ci kusan 35,000 ya gano cewa waɗanda suka samu dala 50,000 zuwa 150,000 sun fi masu ƙananan kyauta tsira daga karyewa a shekara biyu na farko, amma bayan shekara uku zuwa biyar bambancin ya ɓace. Kuɗin ya jinkirta faɗuwar, bai hana ta ba. Ke nan cin babban kuɗi yakan amfani mai shi. Matsalar tikitin ba a ci take ba, a rashin cin take, wanda shi ne rabon kusan kowa.

## Abin da ya rage ga mai saye

A matsayin jari, babu lissafin da ya wanke tikitin lotiri: duk dala biyu da aka zuba, kusan ɗaya ce ke dawowa, ita ma mafi yawanta hannun ƴan ƙalilan take zuwa. A matsayin nishaɗi, ga wanda addininsa da dokar ƙasarsa ba su hana shi ba, tikitin farko ne ke sayo mafarkin gaba ɗaya. Na biyu da na goma suna ninka hasara, mafarkin yana nan yadda yake. Alamomin da masu kula da jarabar caca ke dubawa sanannu ne: saye da kuɗin haya ko na bashi, ƙara saye don a maido da abin da aka rasa, da ɓoye wa iyali. Katin kankarewa da wasannin waya sun fi jawo haka, saboda sakamakon nan take yake zuwa. Yana cikin dalilan da suka sa Birtaniya ta ɗaga shekarun saye daga 16 zuwa 18 a 2021.

Akwai kuma masu cin gajiyar sunan lotiri ba tare da lotirin ba. Duk saƙon da ya ce wa mutum ya ci kyautar da bai sayi tikitinta ba, ya kuma nemi a aiko kuɗin takardu ko na haraji kafin a biya, damfara ce. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wasu ƙasashe sun gwada haɗa sha'awar sa'a da tanadi. Tun 1956 Birtaniya ke sayar da Premium Bonds: mutum yana ajiye kuɗinsa a hannun gwamnati, ba a ba shi kuɗin ruwa, sai a tara ruwan kowa a raba da ƙuri'a duk wata, babbar kyauta fam miliyan ɗaya. Uwar kuɗin tana nan, abin da ake iya rasawa shi ne darajar da hauhawar farashi ke ci. Malaman Musulunci da yawa ba su amince da shi ba, tun da kyautar daga ruwan bashi ta fito. Amurka ta halatta wa bankuna irin wannan ajiya a matakin tarayya a 2014. A Afirka ta Kudu bankin First National ya buɗe irin wannan asusu a 2005, da kyautar rand miliyan ɗaya duk wata, ya kuma jawo mutane da dama da ba su taɓa ajiya a banki ba. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa shirin lotiri ne marar lasisi, aka rufe shi. Hukumar lotirin ƙasar ce ta shigar da ƙarar.